Yadda Zaka Gane Ko Kwalliya Ta Biya Kuɗin Sabulu A Manufofin Gwamnati Na Muhalli Da Sauyin Yanayi

Jama'a, duk sanda wata gwamnati ta fito tace ta ware biliyan kaza domin yaƙi da sauyin yanayi ko gyaran muhalli, nan take mutane ke rabuwa gida biyu, masu tafi da masu cewa ai cinye kuɗin za'a yi, kuma a cikinsu da wuya kaga wanda ya zauna yayi lissafi. Ni abun da yafi damuna ma ba satar bace kaɗai, domin ana iya kashe kuɗi tas ba'a taɓa ko sisi ba kuma aikin ya tashi a banza, kuma hakan na faruwa har a ƙasashen da ake ganin sun iya aiki. Shi kuwa lissafin ba sai kayi digiri a fannin tattalin arziki ba, kalkuletar wayarka ta isa indai ka san tambayoyin da zaka yi da kuma inda ake ɓoye ƙarya a cikin lambobi.

Abu na farko ka tambayi me aka saya da kuɗin. Ba me aka raba ba, ba taro nawa aka yi ba, me aka samu. In manufar ta rage hayaƙin da ke ɗumama duniya ce to ma'aunin shine tan na iskar kabon, kuma don kada tan ɗin nan ya zama maka wani abu a sama, lita ɗaya ta fetur in aka ƙona ta tana fitar da wajen kilo 2.3 na kabon, kenan tan ɗaya daidai yake da ƙona lita 430 ko kusa da haka. In manufar ta tsaftace iska ce ma'aunin shine mutum nawa ne basu mutu ba ko basu kwanta asibiti ba. In ta daji ce, hekta nawa ce ke tsaye da bishiyoyinta bayan shekara biyar ko goma. Duk sanarwar da kaji ta tsaya akan "mun dasa bishiya miliyan kaza" ko "mun raba murhu dubu kaza" to abun da aka shigar take faɗa maka, ba abun da ya fito ba, domin dashe a ranar da kyamara ke wurin kowa ma zai iya, tambayar itace nawa suka rayu bayan rani biyu, kuma murhun nan ana girki dashi ko yana ajiye a lungu.

Sai kuɗin. Anan ne mutane da yawa ke tsayawa akan lambar da ke cikin bajet su ɗauka shikenan, alhali kuɗin manufa yana bi ta ƙofofi da yawa. Akwai wanda gwamnati ta fitar daga baitulmali, akwai harajin da ta yafe wanda shima kuɗi ne da ya kamata ya shigo bai shigo ba, akwai wanda aka ɗora akan jama'a kai tsaye ba tare da ya bi ta bajet ba sam. Misali Jamus tun shekarar 2000 ta kafa dokar da ke tabbatar wa duk mai samar da wutar sola ko ta iska cewa za'a sayi wutarsa akan farashi mai tsoka na tsawon shekara 20, amma a lokacin kuɗin ba daga bajet yake fita ba, akan bil ɗin wutar mutane aka ɗora shi, har ƙarin ya haura santi 6 na yuro akan kowane yunit a tsakiyar shekarun 2010, sai a 2022 aka cire shi daga kan bil. Norwe kuma da ake ta yabo cewa kusan tara cikin goma na sababbin motocin da aka sayar a 2024 masu lantarki ne, babban abun da tayi shine yafe haraji mai nauyi akan motocin, to in baka saka harajin da aka yafe a lissafinka ba zaka ɗauka kyauta abun ya zo.

Amma kuma ka kiyaye da kuskure ta ɗaya gefen. In gwamnati ta saka harajin kabon, wato harajin da ake biya gwargwadon hayaƙin da aka fitar, ta tara biliyan goma, ba biliyan goma aka yi asara ba, kuɗin yana nan ya canza aljihu ne kawai, ana iya mayar wa mutane ko a rage wani harajin dashi kamar yadda lardin British Columbia na Kanada yayi da ya fara nasa a 2008. Asarar gaskiya itace wahalar da mutane da kamfanoni suka sha wajen canza yadda suke yin abubuwa. 'Yan siyasa na sane suke cakuɗa biyun nan, masu adawa su kira duk kuɗin asara, masu goyon baya su nuna kamar babu wanda ya ji a jikinsa.

To yanzu ga inda aikin yake, kuma in ba zaka riƙe komai ba a rubutun nan ka riƙe wannan: me zai faru da ba'a yi manufar ba? Bari mu ƙirƙiri misali mu yi lissafin tare. A ce wata gwamnati tace duk wanda ya sayi firij mai cin wuta kaɗan zata bashi tallafin dala 200, mutum dubu 100 suka karɓa, an kashe dala miliyan 20 kenan. A ce injiniyoyi sun ce kowane firij zai rage tan 2 na kabon a tsawon rayuwarsa, sai ma'aikatar ta fitar da rahoto tace an rage tan dubu 200, ka raba miliyan 20 gida dubu 200, kowane tan ya tashi akan dala 100. Lafiya lau a takarda. Amma tsaya, cikin mutum dubu 100 ɗin nan nawa ne dama firijinsu ya mutu kuma dama irin wannan zasu saya ko da tallafi ko babu? A ce sittin cikin ɗari. Waɗannan kyauta kawai aka basu, babu abun da kuɗin ya canza a halinsu, saura dubu 40 kenan, tan dubu 80, farashin tan ɗaya ya tashi daga dala 100 ya koma 250. Bamu gama ba, ina tsohon firij ɗin? In an bawa ƙani ko an sayar kuma yana can a jone yana zuƙar wuta, to a zahiri ƙara firij akayi a ƙasar. Kaga yadda tambaya biyu kacal suka ninka farashin fiye da sau biyu, kuma duk babu wanda ya saci komai.

Kada kace ai ƙirƙira nayi, an yi irinsa a gaske. Meziko ta yi shirin canza tsofaffin firij da iyakwandishan daga 2009 zuwa 2012, gidaje kusan miliyan biyu suka shiga, kuma su har lalata tsohon suke yi don kar ya koma kasuwa. Da masu bincike suka bi bil ɗin wutar gidajen ɗaya bayan ɗaya sai suka tarar canza firij ya rage shan wuta da kashi 8 cikin 100 ne kawai, wajen kwata na abun da aka yi hasashe, shi kuwa iyakwandishan ƙaruwa ma shan wutar yayi, domin mutum ya samu sabo mai sanyi mara cin kuɗi sai ya riƙa barinsa a kunne fiye da da. Amurka ma a 2009 ta kashe wajen dala biliyan 3 tana bawa mutane har dala 4,500 su kawo tsohuwar mota mai shan mai su sayi sabuwa, motoci kusan dubu 700, daga baya aka gano yawancin masu sayen dama suna shirin saye ne cikin 'yan watanni, gaggauta su kawai aka yi, da shirin ya ƙare kasuwar mota ta faɗi. Saboda haka duk lambar da zaka yi aiki da ita ka tambaya, auna ta aka yi bayan an gama ko kuwa hasashen da aka rubuta ne kafin a fara don a samu a saki kuɗi? In hasashe ce ka riƙe ta kana shakka.

Wani lokacin ma mutane zagaye dokar suke yi, kuma ba laifinsu bane, laifin wanda ya tsara ne. Birnin Meziko a 1989 ya hana kowace mota fita rana ɗaya a sati gwargwadon lambar ƙarshe ta lambar motar, sai masu hali suka sayi mota ta biyu mai wata lambar, yawanci tsohuwa mai arha mai hayaƙi, binciken da aka yi daga baya bai ga iskar birnin ta gyaru ba. A Ailan ta Arewa an yi wani shiri tun 2012 na biyan 'yan kasuwa da manoma in suka ɗumama wurarensu da ƙona dunƙulen garin itace maimakon mai, sai aka yi sakaci tallafin ya fi kuɗin itacen yawa kuma ba'a saka iyaka ba, ma'ana iya ƙonawarka iya ribarka, har aka riƙa zargin ana ɗumama rumbunan da babu kowa a ciki, rikicin nan sai da ya rusa gwamnatin yankin a watan Janairun 2017. Sannan akwai na masana'antun sinadarin sanyaya ɗaki a Chaina da Indiya, waɗanda aka riƙa biya a ƙarƙashin wani tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya in suka lalata wata muguwar iska da ke fita wajen aikinsu, kuɗin lalatawar ya yi daɗi har aka zarge su da ƙara samar da ita don su samu ta lalatawa, sai da Tarayyar Turai ta daina karɓar takardun shaidar lalata iskar da suke sayarwa daga 2013. Don haka in ka ga sabuwar manufa ka zauna kayi tunani irin na mai wayo, in nine ta ina zan ci kuɗin nan ba tare da na canza komai ba? In ka samo hanya cikin minti biyar to wasu sun riga ka.

Hanyar da tafi kowace tabbas wajen gano gaskiya itace a gwada a wani wuri a bar wani wuri, sannan a kwatanta. A yammacin Yuganda an yi haka da ƙauyuka 121, aka zaɓi kusan rabi da ƙuri'a ana biyan masu daji wajen dala 28 kan kowace hekta a shekara in basu sare ba, sauran ba'a basu komai ba, bayan shekara biyu aka duba hoton tauraron ɗan adam, inda ake biya dajin ya ragu da kashi 4.2 cikin 100, inda ba'a biya ya ragu da 9.1. An buga sakamakon a mujallar Science a 2017. Lura da kyau, ko inda ba'a biya ba kashi 90 na dajin yana nan, kenan da ma'aikata ce ke rubuta rahoton kanta da sai tace duk bishiyar da ke tsaye ita ta cece ta, alhali abun da kuɗin ya saya shine bambancin nan na kusan kashi 5, kuma duk da haka ya fito da arha. Ba kowace manufa ake iya yiwa irin wannan gwaji ba, amma aƙalla ka nemi a nuna maka wata jiha ko wata ƙasa mai kama da ba'a yi ba, ko yadda layin ke tafiya kafin a fara. In hayaƙi dama yana sauka saboda tattalin arziki ya durƙushe ko annoba ta zaunar da mutane a gida kamar 2020, ba minista bane ya sauke shi.

Toh ka samu farashin tan ɗaya, da me zaka auna shi? Akwai lambar da masana ke ƙoƙarin fitarwa ta kuɗin ɓarnar da tan ɗaya na kabon ke jawo wa duniya, in manufa ta rage tan akan ƙasa da wannan to ta ci riba. Matsalar itace lambar bata tsaya wuri ɗaya ba. Gwamnatin Amurka kaɗai a zamanin Trump na farko ta sauke ta zuwa tsakanin dala 1 da 7, a 2021 aka mayar da ita 51, a 2023 hukumar kare muhallinsu tace 190. Ƙasa ɗaya fa, iska ɗaya. Babban dalilin shine ko ɓarnar da za'a yi wa sauran duniya ana ƙirga ta ko ta cikin gida kawai, da kuma darajar da aka bawa mutanen da ba'a haifa ba. In kace kuɗin gobe yana rage daraja da kashi 1.4 a shekara, kamar yadda masanin tattalin arziki Nicholas Stern yayi a rahotonsa na 2006 ga gwamnatin Birtaniya, to ɓarnar dala 100 da zata auku nan da shekara 100 daidai take da wajen dala 25 a yau. In ka saka kashi 4, ta koma wajen dala 2. William Nordhaus wanda ya ci kyautar Nobel a 2018 ya soki Stern ne akan wannan ɗan adadin, shi yana ganin ya kamata a ɗaga shi. Kai dai duk rahoton da ka buɗe ka nemo wannan kason, yawanci yana can baya a cikin ƙananan rubutu, domin sau da yawa shi ya yanke hukuncin tun kafin a fara lissafi.

Ni a ganina hanyar da tafi sauƙi kuma tafi amfani ga mai karatu itace ka bar wannan gardamar ka tambayi abu ɗaya: da kuɗin nan aka saka a wani wuri, da an samu fiye da haka? Domin akwai abubuwan da arharsu har mamaki take bada. Toshe yoyon iskar metan, wato iskar da tafi yawa a cikin gas, a rijiyoyin mai da bututun gas na ɗaya daga ciki, iskar tafi kabon ɗumama duniya sau 80 da wani abu a cikin shekara 20, kuma ita kanta hajar sayarwa ce, shi yasa hukumar makamashi ta duniya ke cewa wani babban kaso na yoyon ana iya tare shi ba tare da an yi asarar ko kwabo ba. Hana sare daji ta hanyar aiki da dokar da dama tana nan shima haka, Burazil ta sauke saran dajin Amazon daga sama da murabba'in kilomita dubu 27 a 2004 zuwa ƙasa da dubu 5 a 2012, da tauraron ɗan adam mai nuna inda ake sara cikin 'yan kwanaki, da tara, da hana bashin banki ga masu laifi, kuma da aka sassauta daga baya saran ya sake hawa har wajen dubu 13 a 2021. A Jamhuriyar Nijar bayan an daɗe ana dashen da baya rayuwa, manoma suka koma barin tohon da ke fitowa daga kututturen da ke cikin gona suna yi masa sassabe, tun daga shekarun 1980, aka farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 da bishiyoyi kimanin miliyan 200 ba tare da gandun reno ko tankar ban ruwa ba. Sannan akwai wanda ma kuɗi yake dawo wa gwamnati dashi, wato daina biyan tallafi akan man fetur da kwal da gas, asusun bada lamuni na duniya IMF yace tallafin kai tsaye kaɗai ya kai dala tiriliyan 1.3 a duniya a 2022. Gwamnatin da ke kashe miliyoyi tana dashen bishiya da hannun dama tana kuma biyan biliyoyi don a ƙona mai da arha da hannun hagu, ai sai ka haɗa lissafin biyu wuri ɗaya kafin ka yaba.

Kar kuma ka tsaya akan kabon kaɗai, domin sau da yawa ribar da tafi girma a huhun mutane take. Hukumar lafiya ta duniya tana ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska, ta waje da ta cikin gida, tana kashe mutane kusan miliyan 7 a shekara. In aka rufe tashar wutar kwal, amfanin rage ɗumamar duniya kowa da kowa zai raba kuma a hankali zai zo, amma tari da asma da ciwon zuciyar da suka ragu na mutanen da ke kusa ne kuma a shekarar za'a gani. Hukumar muhallin Amurka da ta yi lissafin gyaran dokar tsaftar iska na 1990, ta ce zuwa 2020 amfanin zai kai wajen dala tiriliyan 2 a shekara akan kashe wajen biliyan 65, fiye da riɓi 30, kuma mafi yawansa rayukan da aka ceta ne. Haka cire gubar dalma daga fetur, wanda aka kammala a duniya a 2021 da Aljeriya ta ƙarar da nata na ƙarshe. Manufar da ta yi tsada a ma'aunin tan tana iya zama garaɓasa in ka saka asibiti a ciki.

Akwai wuri ɗaya da nake yi wa tsada uzuri. Wutar solar da Jamus ta riƙa saye da ɗan karen tsada a farkon shekarun 2000, in ka raba kuɗin da tan ɗin da aka rage a lokacin zaka ce hauka ne, ƙasar da ko ranar kirki bata da ita. Amma kasuwar da ta buɗe ce ta sa masana'antu, musamman na Chaina, suka faɗaɗa suka ƙware, farashin fanel ɗin sola ya faɗi da wajen kashi 90 cikin 100 a shekarun 2010, yau kowa a duniya yana cin moriyar. Sai dai wannan uzurin yanzu kowa ke fakewa dashi, duk mai tsadadden shiri zai ce maka ai irin na sola ne. Gwajin mai sauƙi ne, abun sabuwar fasaha ce da ake ƙerawa da yawa a masana'anta? Farashinta yana sauka shekara bayan shekara? Tallafin yana da ranar ƙarewa ko yana raguwa da kansa? In an shekara goma sha biyar ana bada tallafi farashin yana nan inda yake, to ba koyo ake yi ba, ciyar da wasu ake yi.

Sannan ka duba wa ke biya, domin manufar da ta fi kowace arha a takarda in bata rayu ba sifili ce. Masana tattalin arziki kusan bakinsu ɗaya cewa saka wa kabon farashi shine hanya mafi arha, domin kowa zai nemo inda ragewa ta fi masa sauƙi da kansa. Suwidin na yi tun 1991 kuma yanzu harajinta ya haura yuro 100 akan tan, tattalin arzikinta bai durƙushe ba. Birtaniya ta ƙara wa masu tashoshin wuta farashin kabon daga 2013, kwal da ke bada wajen kashi 40 na wutar ƙasar a 2012 ya zube har aka rufe tashar ƙarshe a watan Satumban 2024. Amma Ostiraliya ta fara nata a 2012 aka soke a 2014 bayan zaɓe. Faransa ta so ƙara harajin mai a 2018, mutanen karkara da basu da wata hanya sai mota suka saka riguna masu ruwan ɗorawa suka cika tituna, gwamnati ta janye. Kanada har mayar wa iyalai kuɗin harajin kabon ta riƙa yi amma mutane suna ganin ƙarin a gidan mai kullum, kuɗin da ake mayarwa kuwa sai bayan wata uku yake shiga akawun, a 2025 aka cire na kan jama'a. Kenan in ana cire tallafi ko ana saka haraji ka tambayi ina kuɗin zai tafi, wa zai fara ji a jikinsa, kuma an shirya masa wani abu kafin ko sai bayan ya fito titi. Indonesiya da ta ɗaga farashin mai a 2005 tare ta fito da shirin raba kuɗi hannu da hannu ga gidajen talakawa. Shi kuma tallafin sayen motar lantarki ko saka sola a rufin gida, duba da kyau, yawanci mai hali ne ke karɓa, wanda dama yana da gidan kansa da kuɗin sabuwar mota.

Ko kasuwar kabon ma, wato inda kamfanoni ke saye da sayar da takardun izinin fitar da hayaƙi, sai an duba yadda aka gina ta, ta Tarayyar Turai da aka buɗe a 2005 an raba takardun izini da yawa har farashin ya faɗi kusan sifili a 2007, sai da aka shekara da shekaru ana gyara kafin ya taɓa yuro 100 a 2023. Ka kuma tabbatar masana'anta bata tattara ta koma wata ƙasa ta ci gaba da hayaƙinta a can ba, domin in hakan ne lambar ƙasa ɗaya ce ta yi kyau.

Ga ƙasashen da dama hayaƙinsu ba shi da yawa, kamar nahiyar Afirka baki ɗaya da bata kai kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya ba, ma'aunin tan ba shi ne kan gaba ba, abun tambaya shine rai nawa da dukiya nawa kuɗin ya kare daga ambaliya da fari da zafi. Bangladesh ce misalin da ya fi fitowa fili. Guguwar 1970 ta kashe aƙalla mutum dubu 300, ta 1991 wajen dubu 138, ta 2007 mai suna Sidr ƙasa da dubu 5, ba don guguwar ta yi sanyi ba, sai don hasashen yanayi, da dubban 'yan sa kai masu yawo da lasifika suna shela, da gine-ginen mafaka masu tsayi waɗanda sauran ranaku makarantu ne. Lissafinsa iri ɗaya ne da na baya, kuɗin ginawa da kuɗin kula dashi duk shekara a gefe ɗaya, asarar da aka saba yi a ninka ta da yawan aukuwarta a ɗaya gefen. Kuɗin kulawar nan shi ake yawan mantawa, a gina magudanar ruwa ko a kafa na'urar gargaɗi ba'a ware ko sisi na gyara ba, bayan shekara uku an yi ba'a yi ba.

Wani bincike da aka buga a Science a 2024 ya bi manufofi wajen 1,500 a ƙasashe 41 daga 1998 zuwa 2022, ya samu wurare 63 ne kacal da aka ga hayaƙi ya faɗi sosai, kuma yawancinsu ba manufa ɗaya bace tilo, haɗi ne, farashi tare da doka tare da tallafi. Don haka in kana auna wata doka ka duba 'yan uwanta da aka kafa tare da ita, kar ka bata duka yabon ko duka laifin.

Lambobin kuma ba sai ka jira an kawo maka ba. Kuɗin da aka ware yana cikin kundin bajet, amma ka nemi rahoton abun da aka saki a zahiri domin ba ɗaya bane, sannan rahoton babban odita na ƙasa. Alƙawarin da kowace ƙasa ta ɗauka a ƙarƙashin yarjejeniyar Paris ta 2015 kan sauyin yanayi yana nan a shafin Majalisar Ɗinkin Duniya kowa na iya saukewa. In zancen daji ne ka buɗe shafin intanet na Global Forest Watch, mai nuna taswirar dazuzzuka, ka ja taswirar wurin da aka ce an yi aiki ka duba shekara bayan shekara, in aikin da bashin Bankin Duniya aka yi to takardar kimanta shi bayan kammalawa tana shafinsu kuma sukan rubuta abun da bai yiwu ba. Ka ɗauki takarda ka rubuta jimillar kuɗi a sama, abun da aka ce an samu a ƙasa, ka zabge kason waɗanda dama zasu yi ko babu shirin, ka raba, sannan ka ajiye amsar kusa da ta wata hanyar da aka bari ba'a bi ba. In ka nemi lambar ƙasan ka rasa, ka rubuta wa ma'aikatar ko ɗan majalisarka ka tambaye su ita, da ranar da aka auna ta, da sunan wanda ya auna.